Sikelin da ke Bayan A-kori-kura

Duk wanda ya tsaya gefen sabuwar Hilux wadda ba a ɗora mata ko tsinke ba, ya ja da baya kaɗan ya ƙare mata kallo, zai lura bayanta ya ɗara gabanta tsayi. Bambancin bai taka kara ya karya ba, faɗin yatsu biyu ne ko uku, amma ya isa ya tsaya wa mai son tsari a rai. Motar sai ta yi kamar ta sunkuyar da kai. Wannan 'yar sunkuyawa ce ke sa wasu masu mota su nufi gareji su nemi a ɗaga musu gabanta har ya yi daidai da baya, su kira aikin da sunan gyara.

A yankin Kankiya da Kusada, mota mai buɗaɗɗen baya ta daɗe tana aikin ƙarfi kafin ta zama abin ado. Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda masana'antar PAN ta Kaduna ta riƙa haɗawa bayan ta fara aiki a 1975, a-kori-kura ce ke kwaso gero da dawa da wake daga irin su Rimaye da Kafin Soli da Mawashi, ta fito da su bakin babban titin Kano zuwa Katsina, daga nan a yi kasuwar Caranci ko a miƙe Dawanau. Yau masu irin wannan mota sun kasu biyu. Akwai direban haya, wanda motarsa ba ta san hutu ba da kaka, damuwarsa kada bayanta ya zauna kan taya, saboda haka yake zuwa wurin mai sifirin a ƙara masa falle biyu ko uku. Akwai kuma ɗan kwangila ko babban ma'aikaci mai Hilux ƙofa huɗu, wanda yake zuwa gida da ita ƙarshen mako daga Abuja ko Kaduna, shi kuma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne gaban da ya yi ƙasa. Ɗaya yana ɗaga baya, ɗaya yana ɗaga gaba. Da wuya su haɗu a majalisa guda, amma zatonsu ɗaya ne, wato motar da ta tsaya sambal ita ce lafiyayya.

Zaton bai inganta ba. Waɗanda suka ƙera motar da gangan suka bar bayanta sama. Sifirin ɗin baya falle-falle ne na ƙarfe da aka lanƙwasa kamar baka, kuma aikinsa ya miƙe a hankali yayin da nauyi ke hawa kansa. Tazarar da ido ke gani ita ce filin da aka ware wa lodi. Idan aka ɗora wa motar abin da aka yi ta domin ta ɗauka, bayan zai sauko ya yi kusan daidai da gaba, kuma a wannan hali ne sitiyari da birki da fitila suke aiki yadda aka tsara su. Ke nan tsayin bayan a-kori-kura sikeli ne da kowa zai iya karantawa daga nesa, har da wanda bai san sunan ko ƙarfe ɗaya na cikinta ba. Baya sama, akwai sauran wuri. Baya daidai da gaba, ta ƙoshi. Baya ƙasa da gaba, an zalunce ta. Wanda ya daidaita ta tana wofi, da wanda ya ƙara mata ƙarfe don kada ta nuna gajiya, duk sun taɓa wannan sikeli ne.

A fara da mai ɗaga gaba, domin shi ne ya fi ƙarancin uzuri. Hilux ɗin da aka ƙera daga wajajen 2005 zuwa yau tana da sifirin mai murɗi a gaba, wanda ya naɗe shokazoba, kuma kowace taya tana da hannuwan ƙarfe biyu, na sama da na ƙasa, da ke riƙe da ita. Hanya mafi araha ta ɗaga ta ita ce a cusa wani ciko na ƙarfe ko roba mai tauri a saman shokazoba. Saboda yadda hannun ƙasa yake aiki kamar sandar ɗaga dutse, ɗagawar da ake samu a taya ta fi kaurin cikon, wani lokaci ta kai kusan ninki biyu. Makanikin da bai san wannan ba sai ya sa ciko mai kaurin santimita biyar don neman santimita biyar, ya wayi gari motar ta ɗaga hanci sama. Tsofaffin samfura, irin waɗanda suka fi yawa a tasha, da yawansu sandar ƙarfe ce doguwa ke aikin sifirin a gabansu, ana ɗaure kusarta motar ta tashi. Wannan ya fi sauƙi, don haka ya fi yaɗuwa, kuma illarsa iri ɗaya ce.

Illar ita ce ba a ƙara wa taya filin motsi ba, wurin zamanta kawai aka sauya. Tayar gaba tana buƙatar hawa sama idan ta taka tudu, tana kuma buƙatar sauka ƙasa idan ta faɗa rami. Duk santimitan da aka ɗaga bodi, daga rabon saukar aka cire shi. A kan kwalta mai kyau ba za a ji komai ba. A kan hanyar burji da ruwan damina ya zaizaye, irin wadda mutum zai bi idan ya sauka daga titi ya nufi ƙauye, tayar za ta riƙa kaiwa iyakarta da ƙara, tana barin ƙasa na ɗan lokaci, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta juya mota ba ta tsayar da ita. Gaɓoɓin da ke haɗa hannuwan ƙarfen da taya suna aiki a karkace fiye da yadda aka yi su, haka shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba a motoci masu jan ƙafa huɗu. Robar da ke rufe su ta yage da wuri, yashi ya shiga, man ya fita. Gaɓar da ta tsinke ana cikin gudu kuwa, tayar ce gaba ɗaya ke kwantawa ƙarƙashin mota.

Ribar da ake tsammani ma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Gaskiya ne hancin motar zai ɗan nisanci ƙasa, kuma wannan yana da amfani wajen gangara rafi. Sai dai wurin da ya fi kusa da ƙasa a bayan a-kori-kura shi ne tulun aksul, kuma shi yana zaune ne a kan tayoyi kai tsaye, ƙarƙashin sifirin. A ɗaga bodi har ya kai rufin soro, tulun yana nan inda yake. Kututturen da zai kama shi jiya zai kama shi gobe. Girman taya kaɗai ke ɗaga shi, kuma babbar taya tana da nata lissafin na shan mai da raunana birki da sa agogon gudu ya yi ƙarya.

Sannan ga fitila, wadda ita ce ta fi shafar wanda ba ruwansa da motar. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux ƙofa huɗu milimita 3,085 ne, wato mita uku da 'yan kai. Idan aka ɗaga gaba da santimita biyar ba a taɓa saitin fitila ba, hasken zai hau da kusan santimita 80 a nisan mita 50. Ƙaramar fitila an saita ta ne ta riƙa sauka da kimanin santimita ɗaya a kowace mita, don ta haska hanya ba tare da ta shiga idon mai tahowa ba. Ɗagawar ta cinye wannan sauka duka, har da ƙari. In kuma aka zo aka ɗora mata buhunan masara na gida, bayan ya sauko, hancin ya ƙara tashi. Wanda ya taɓa tuƙi da dare tsakanin Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya, inda mai babur da mai keke da amalanken shanu suke raba gefen titi, ya san abin da daƙiƙa biyu na makanta ke nufi.

Amurka ce uwar wannan yayi, a can ne aka mai da a-kori-kura motar zuwa ofis, kuma a can ma an ga iyakarsa. Jihar Karolina ta Arewa ta kafa doka da ta fara aiki a Disambar 2021, wadda ta haramta hawa titi da motar da aka sauya har gabanta ya fi bayanta tsayi da inci huɗu ko fiye, jihar Bajiniya ta bi sahu a 2022. Matasan can da gangan suke karkata motocinsu haka don burgewa. Mai Hilux ɗin da ya daidaita tasa tana wofi, ranar da ya cika ta da kaya ya kama hanyar wannan siffa ba tare da ya nufa ba. Game da kifewa kuwa, a 2016 mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Teknikens Värld ta gwada sabuwar Hilux da gwajin kauce wa dabba kwatsam, motar ta ɗaga tayoyi biyu, saura ƙiris ta kife. Wannan mota ce yadda ta fito daga masana'anta, ba a ƙara mata tsayi ba. A titin da akuya ko yaro ke iya faɗowa ba sallama, ƙara nisanta nauyin mota daga ƙasa garin neman gira ne a rasa ido.

Direban haya labarinsa daban ne, kuma ya cancanci a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin sawu ɗaya daga ƙauye zuwa kasuwa ya yi tashin gwauron zabi, manomi kuma ba ya iya biyan ninkin abin da ya saba biya a kan buhu. Hanya ɗaya ta rage wa direba, ya rage sawu ya ƙara lodi. Ƙarin falle a sifirin ba ado ba ne a wurinsa, abincin iyalinsa ne. Mai sifirin ɗin ma gwani ne a sana'arsa, ya san yadda ake jera falle a kan falle, ya san wanda ya mutu da wanda ke da sauran rai, kuma da yawa daga cikin motocin da ke ciyar da kasuwannin yankin da tuni sun zama tarihi ba don hannunsa ba.

Amma lissafi ba ya jin tausayi. Irin wannan mota an yi ta ne ta ɗauki kusan tan ɗaya, wasu samfuran ma ƙasa da haka, kuma a cikin wannan adadi har da direba da yaron mota da duk wanda ya hau. Buhu mai kilo 100 guda goma ke nan idan babu kowa a ciki. A mai ƙofa huɗu, idan maza biyar suka zauna, kowanne a ƙaddara kilo 70, an riga an ci kilo 350, abin da ya rage bai kai buhu bakwai ba. Ƙarin falle yana hana bodi sauka, shi ke nan aikinsa. Bai ƙara wa aksul ƙarfi ba, bai faɗaɗa birki ba, bai kaurara ƙashin motar ba, bai kuma sauya lambar da ke rubuce a gefen taya ba. Tayar da aka rubuta wa 112 tana ɗaukar kilo 1,120 ne, shi ma in sabuwa ce da cikakkiyar iska, balle ta hannu da ta sha ranar wata ƙasa kafin ta iso. Da can idan an wuce iyaka motar za ta durƙusa, fasinja ya gani, mai kaya ya gani, jami'in hanya ya gani. Bayan ƙarin falle sai ta tsaya ƙyam da buhu goma sha biyar kamar ba ta ɗauki komai ba, nauyin kuma yana nan yana cin ƙarfen da ido ba ya gani.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu a ƙarƙashin tsofaffin a-kori-kura da ba kowane direba ya san da shi ba, alhali rayuwarsa na rataye da shi. Wani bawul ne a layin man birki, an haɗa shi da aksul na baya da siririyar sanda. Idan bodi ya sauko, sandar ta motsa, bawul ɗin ya fahimci an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan bodi yana sama, sai ya rage ƙarfin don kada tayoyin baya su kulle motar ta juya. Wato ita kanta motar da wannan sikeli take karanta nauyinta. Ranar da aka ƙara falle ba a sake saita sandar ba, bawul ɗin zai riƙa ganin mota wofi alhali tana ɗauke da tan ɗaya da rabi, ya bar birkin gaba shi kaɗai da dakon tsayar da ita. Direba zai ce birki ya yi sanyi, ya sauya takalmin birki, ya sake sauyawa, ciwon kuma yana wani wuri.

Yadda ake jera kayan ma yana da nasa hukunci. Aksul na baya kamar tsakiyar lilo yake, abin da aka ɗora bayansa yana ɗaga gaba. Idan aka buɗe ƙofar baya aka jera buhu uku a nisan mita ɗaya daga aksul, tayoyin gaba za su rasa nauyin kusan kilo 97, aksul na baya kuma ya ji kamar buhu huɗu aka ɗora masa. Sitiyari ya yi sakayau, motar ta riƙa yawo a kan titi. Buhunan nan uku da an matsar da su jikin kan mota, da ba a buƙaci ko falle ɗaya ba a wasu lokutan. Haka abin yake ga motocin sintiri, waɗanda suka ƙaru a hanyoyin jihar tun da aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a Oktoban 2023. Mutanen da ke zaune kan benci a baya nauyi ne da ke sama, kuma motar da aikinta ya haɗa da gudu a hanyar daji ita ce ta fi kowace buƙatar a bar tsayinta yadda yake.

Duk da haka akwai lokacin da taɓa tsayin mota ya zama wajibi, kuma a nan ne ya kamata kuɗin mai mota ya tafi. Sifirin yana gajiya. Motar da ta shekara goma tana dako za ta iya zama daidai gaba da baya tana wofi, mai ita yana murna, alhali alama ce ta bayan ya mutu. Wata kuma gabanta ne ya faɗa saboda an ɗaura mata katangar ƙarfe mai nauyi a hanci. Wata ta karkata gefe guda don falle ya karye ko roba ta cinye. Maganin waɗannan duka shi ne a mayar da motar tsayinta na asali, kuma matakin farko awo ne. A ajiye ta a daɓe mai lebur, tayoyi da iska daidai, a auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin bodin da ke samanta, a kusurwa huɗu. Daga cibiya ake aunawa don kada girman taya ko ƙarancin iska su shiga lissafin. A rubuta. Sannan a ɗora mata irin kayan da ta saba ɗauka a sake aunawa. Waɗannan lambobi takwas sun fi duk wani ra'ayi da za a ji a gareji.

Idan awon ya nuna gaba ne ya faɗa saboda ƙarin nauyi na dindindin, sifirin da aka yi don wannan nauyi ake nema tare da shokazoba da ta dace da shi, a sauya hagu da dama lokaci guda. Ciko ba ya ɗaukar nauyi, ɓoye faɗuwar kawai yake yi. Idan baya ne ya gaji, a sauya jerin sifirin ɗin duka biyu, da sababbin kusoshin da ke ɗaure shi da aksul, domin tsofaffin sun riga sun miƙe, kuma a sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki na aiki. Falle da aka yi wa walda ko aka gasa a wuta aka sake lanƙwasa shi da guduma ya rasa ƙarfin da aka gina masa, zai ɗauki mako ko wata, sannan ya karye a ranar da ya ga dama. Motar da kullum take ɗauke da nauyi ɗaya, kamar tankin ruwa ko injin walda, tana iya amfana da sifirin mai ƙarfi, muddin nauyin bai haura abin da ke rubuce a ƙaramin allon da ke jikin ƙofar direba ko cikin gidan inji ba.

Wanda kuma ya ji duk wannan ya ce shi dai yana son gabansa ya tashi, motarsa ce, amma akwai iyakar da hankali zai ɗauka. A Ostareliya, ƙasar da Hilux ta yi shekaru tana kan gaba a kasuwa, ƙa'idar gyaran motoci ta ɗauki milimita 50 a matsayin ɗagawar sifirin da ake yi ba tare da neman sa hannun injiniya ba, kuma wannan rufi ne, ba wurin farawa ba. Rabin haka ya wadatar, a bar wa baya ragowar fifikonsa. Bayan aikin dole a kai ta a daidaita tsayuwar tayoyi a kan na'ura, in ba haka ba sababbin tayoyi za su cinye ta gefe guda kafin damina ta zagayo. A sake saita fitila a jikin bango da dare, da kaya a baya. A ɗaga motar a jak a juya sitiyari iyakarsa hagu da dama, a tabbata tiyon birki bai ja ba, babu ƙarfen da ke gugar wani. Makanikin da ya karɓi kuɗin ɗagawa bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, rabin aiki ya yi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an VIO da na KASSAROTA duk suna da hurumi a kan lodin da ya wuce ƙima, sai dai mafi yawan hukuncin da ake yi a bakin titi da ido ake yin sa, kuma ido shi ne abin da ƙarin falle ya zo ya yaudara. Motar da ta durƙusa da buhu goma sha ɗaya za a tare ta, wadda ta tsaya ƙyam da goma sha shida ta wuce. Wurin da ya fi dacewa a kama zancen shi ne tasha, inda shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho suke ganin kowane buhu yana hawa. Su ne za su iya ƙayyade adadin buhu ga kowace irin mota, kamar yadda suka daɗe suna ƙayyade adadin fasinja da kuɗin mota, kuma su ne za su iya zama da masu hatsi a daidaita kuɗin buhu yadda direba ba zai buƙaci na goma sha biyar ba kafin ya mayar da kuɗin mansa.